Suka guda ɗaya ƙarƙashin hammata: me likita ke nema a jikin gawa da har za a hana mu jana'iza?

Mai Walda Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daga bakin asibiti nake rubuta wannan, raina ba daɗi. Yaron da ke koyon walda a shagona, ɗan shekara 19, an soke shi da wuƙa daren jiya bayan isha'i a wata fada da ke bayan unguwarmu. Ba zan kama sunansa ba. Rigima ce a kan waya, wayar ma ba tasa ba ce, waɗanda ke wurin sun ce rabon faɗa ya shiga.

Ni na taimaka aka sauke shi daga kabu-kabu, don haka na ga jikinsa da idona. Raunin yana ƙarƙashin hammatar hagu, tsakanin haƙarƙari, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Jinin da ke rigarsa kaɗan ne. Akwai kuma yanka biyu a tafin hannunsa na dama. An ce bayan an soke shi da ƙafarsa ya taka har bakin titi, yana magana, sannan ya durƙushe. Kafin a iso asibiti rai ya yi halinsa.

An kama samari uku, an samu wuƙaƙe biyu: ɗaya ta kicin mai kaifi gefe guda, ɗaya kuma irin ta damtse mai kaifi biyu. Kowane cikinsu yana cewa ba shi ba ne.

Tun asuba mahaifinsa ya iso daga wani ƙauye a wajen Mirya. An gaya mana ba za a ba da gawa ba sai likita ya duba ta bisa umarnin mai gabatar da ƙara. Tsohon nan yana zaune a ƙasa, bai ci ba bai sha ba, maganarsa ɗaya ce: a ba shi ɗansa ya rufe shi. Wasu dangi sun soma cewa feɗe shi za a yi, kada mu yarda. Ga zafin Afrilu kuma kun san yadda yake a Damagaram.

Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini. Yaya ɗan wannan rauni zai kashe ƙaton saurayi mai ɗaukar ƙofar ƙarfe shi kaɗai? Me likita zai gani wanda mutanen da ke wurin ba su gani ba? Zai iya cewa ga wuƙar da ta kashe shi? Kuma addini ya yarda a jinkirta gawa saboda wannan?

Majo Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa da kai haƙuri. Malam mai walda, ni ma'aikacin jinya ne, a sashen gaggawa na asibiti na yi aiki har na ajiye, kuma na sha tsayawa kusa da likita yana duba irin wannan gawa, ni ina riƙe da ma'auni ina rubuta abin da yake faɗa.

Bakin suka ba ya nuna ɓarnar da ke ciki. A wurin likita raunin makami mai kaifi iri uku ne. Akwai yanka, wanda tsawonsa a kan fata ya fi zurfinsa. Akwai sara, aikin adda ko gatari ko barandami, inda nauyi da kaifi ke haɗuwa har su taɓa ƙashi. Sai suka, wadda zurfinta ya fi tsawonta. Yanka da sara su ke firgita ido saboda jini yana waje, amma suka ta fi kisa, kuma a ɓoye take yi. Inda ka ce an soki yaron nan, huhu yana nan bayan haƙarƙari, zuciya tana kusa. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, kuma gefe ɗaya na ƙirji zai iya ɗaukar lita 2 ko fiye ba tare da ya fito waje ba. Mutum yana zubar da jini cikin kansa, rigarsa kuwa da ɗan tabo kawai. In zuciya aka taɓa, akwai wata hanya da ta fi wannan sauri: zuciya tana cikin wata jakar tantani da ba ta miƙewa nan take, jini kamar mililita 150 zuwa 200 in ya taru cikinta da sauri ya isa ya matse zuciyar ta kasa bugawa. Tafiyar da ya yi har bakin titi ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. Na ga wanda ya shigo asibiti da ƙafarsa da irin wannan rauni. Wannan ma yana da amfani ga masu bincike, don inda mutum ya faɗi ba lalle nan aka soke shi ba.

Ƙarfin jiki kuma ba ya tare tsinin wuƙa. Wani likitan gawa na Birtaniya, Bernard Knight, ya yi gwaji a kan haka a 1975, ya nuna cewa fata ce ke da turjiya, kuma tsinin wuƙa shi ne abin lura. Da zarar tsini ya huda fata, sauran ruwan wuƙar yana bi da ƙarfi kaɗan, sai fa in ya ci karo da ƙashi. Shi ya sa likita na gari ba ya yarda ya ce "suka ta yi zurfi, don haka da iyakar ƙarfi aka yi ta".

Batun wace wuƙa ce, nan ne nake so ka saurara da kyau, don kada ku sa rai fiye da kima. Likita zai haɗa leɓunan raunin da yatsu ya auna, sannan ya dubi ƙarshensa biyu. Wuƙa mai kaifi ɗaya takan bar ƙarshe ɗaya mai tsini, ɗaya kuma dakusasshe inda bayan wuƙar ya bi. Mai kaifi biyu takan bar tsini a duka ɓangarorin. Tunda wuƙaƙen da aka kama ba iri ɗaya ba ne, wannan babban abu ne a shari'ar yaronka. Sai dai fata ba farantin ƙarfenka ba ce da ke riƙe siffar abin da ya huda shi. Tana ja, tana komawa. Tun 1861 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Karl Langer, ya zana layukan da fata ke ja a jikin mutum: in suka ta bi layin, bakin raunin yakan zama siriri, in ta gitta shi sai ya wage. Wuƙa ɗaya za ta iya barin raunuka biyu da ba su yi kama ba a jiki ɗaya. Haka nan in mai suka ya murɗa hannu, ko wanda aka soka ya juya, raunin zai fi faɗin wuƙar. Zurfi ma yana iya wuce tsawon ruwan wuƙa, saboda ciki da ƙirji suna lotsawa a lokacin bugu. Saboda haka abin da za ka gani a takardar likita shi ne "raunin ya dace da wuƙa irin kaza", ko "wannan wuƙar ba za ta yi wannan rauni ba". Fitar da wuƙa daga zargi ya fi masa sauƙi a kan nuna ta da yatsa. In an yi sa'a wuƙar ta bi ta guringuntsi ko ƙashin haƙarƙari, nan kam shaida tana zama daram, wani lokaci har tsinin ya karye ya maƙale, hoton ƙirji ya nuna shi.

Yankan da ke tafin hannunsa kuwa, kada kowa ya raina shi. Raunin kāriya ke nan. Mutum ya ga wuƙa ta nufo shi sai ya kai hannu ya kama, ko ya ɗaga hannu ya tare, sai ta yanke tafi da gaɓoɓin yatsu ko bayan sangalin hannu. Yana nuna cewa yaron yana cikin hayyacinsa, ya ga abin da ke zuwa, ya yi ƙoƙarin kare kansa. Duk wanda zai zo gobe ya ce "faɗawa ya yi kan wuƙar" ko "shi ya soki kansa", sai ya yi bayanin wannan yankan. Wanda ya soki kansa alamunsa daban ne: sau da yawa za a ga ƴan ƙananan yanka marasa zurfi a jere kusa da babban raunin, a wurin da hannunsa ke kaiwa, kuma yakan ɗage riga.

Ka gaya wa Baba cewa binciken mataki biyu ne. Akwai duba ta waje: aunawa, hoto, rubutu, ba a yanka komai. Akwai kuma buɗe ƙirji don a bi hanyar da wuƙa ta bi. Ba kowace gawa ake buɗewa ba. In an buɗe, ana mayar da komai a ɗinke kafin a ba ku.

Tsohon Jandarma ya amsa:

Allah ya gafarta masa. Majo ya gama da ɓangaren likita, ni zan ɗora da na shari'a.

Duk mutuwar da aka yi ta hanyar makami, jami'in da ya fara zuwa wajibi ne ya sanar da mai gabatar da ƙara, shi kuma ya ba da takardar da ke neman likita ya duba gawar. Ma'aikacin asibiti ba shi da ikon sakin gawa kafin wannan, don haka kada dangi su huce a kansa.

Dalilin da ya sa takardar likita take da nauyi: dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu, wadda asalinta na 1961 ne, ta bambanta kisan da aka shirya tun da wuri, da kisan ganganci, da kuma rauni da aka yi da gangan wanda ya jawo mutuwa ba tare da niyyar kisa ba. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne, tazarar kuma mai yawa ce. Alƙali bai je fadar ba. Da me zai rarrabe? Da yawan raunuka, da wurin da suke, da inda wuƙar ta dosa, ko daga gaba ne ko daga baya, daga sama ko daga ƙasa. Shaidu suna da amfani, amma na yi wannan aiki na sani: faɗan dare, cikin duhu da ihu, mutum biyar za su ba ka labari biyar, kuma bayan sati guda rabinsu za su ce ba su ga komai ba saboda tsoro ko zumunci. Takardar likita ba ta canza magana.

Abin da nake fata an yi tun jiya shi ne a duba hannuwan samarin nan uku. Wuƙar kicin ba ta da abin tare hannu. In ta ci karo da ƙashi, ko ƙotar ta jiƙe da jini, hannun mai suka yakan zame ya sauka kan kaifin, ya yanke yatsunsa. Sabon yanka a yatsun wanda ake zargi abu ne da ake rubutawa a ɗauki hotonsa kafin ya warke. Wuƙaƙen kuma ko an wanke su, jini yakan ɓuya a mahaɗar ƙota da ruwan wuƙa, ko cikin kube. Wani Bafaranshe, Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken ƴan sanda a Liyon a 1910, a kansa aka gina koyarwar da aka yi mana: duk wanda ya taɓa wuri ya bar wani abu, ya kuma tafi da wani abu. Gwajin ƙwayoyin halitta zai iya nuna jinin wa ke jikin wace wuƙa, sai dai ba a nan kusa ake yin sa ba, tsakaninmu da Yamai kilomita wajen 900 ne, kuma komai ya dogara ga yadda aka adana kayan tun daren farko.

Ka faɗa wa dangin da ke cewa kada a yarda: in aka rufe shi ba a duba ba, shari'a ta cije daga baya, alƙali yana da ikon sa a tono kabari. Na halarci irin wannan, ba na fatan wani uba ya gani.

Malamin Tarihi ya amsa:

Allah ya jiƙan rai. Tambayar "wane rauni ne ya yi kisa" tsohuwa ce. Lokacin da aka kashe Juliyas Siza a Roma a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, mutane da yawa ne suka taru a kansa, aka ƙirga suka 23 a jikinsa. Likitan da ya duba gawar, Antistiyus, ya ce guda ɗaya ce kawai mai kisa, ta ƙirji. In mutum uku ake tuhuma kamar a nan, wannan tambayar ita ce shari'ar gaba ɗaya.

Almajirin Birni ya amsa:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan'uwa, damuwar mahaifin yaron nan tana da tushe, kada kowa ya ɗauke ta jahilci. An umarce mu da gaggauta jana'iza, kuma hadisin Nana A'isha ya tabbata cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Gawar musulmi tana da alfarma.

Amma malamai sun duba wannan mas'ala tuntuni. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta yanke a shekarar 1396 ta Hijira, wato 1976, cewa ya halatta a buɗe gawa don binciken laifin kisa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zo da irin wannan matsaya a 1987, da sharaɗin a tsaya iya buƙata, a kuma binne dukkan sassan jiki. Hujjarsu ita ce haƙƙin jini: kada mai laifi ya kuɓuta, kada kuma a hukunta wanda bai yi ba. Ka tuna samarin nan uku ne, suka kuwa ɗaya ce. Cikinsu akwai wanda hannunsa bai riƙe wuƙar ba, shi ma yana da uwa. Jinkirin yini guda saboda wannan ba wulaƙanta gawa ba ne.

Wani abu kuma: ka ce yana magana kafin ya faɗi. Me ya ce? A mazhabarmu ta Malikiyya, in wanda aka yi wa rauni ya ce "jinina yana wuyan wane" kafin ya cika, malamai suna ɗaukar wannan a matsayin alama mai ƙarfi, wadda a kanta ake gina rantsuwa 50 ta ƙasama, wato rantsuwar da dangin mamaci ke yi cewa wane ne ya kashe shi. Kotunmu ba da wannan tsari take aiki ba, amma maganar ƙarshe ta mamaci shaida ce da ya kamata wanda ya ji ta ya je ya faɗa da bakinsa.

Hajiya ta Sabon Gari ta amsa:

Allah ya ba ku haƙuri ɗana. Na karanta duk abin da malamai suka rubuta, ban musa ba, amma bari in faɗi nawa. An taɓa riƙe mana gawar ɗan ƙanwata a irin wannan hali. Jinkirin bai ƙona mana rai kamar shirun da aka yi mana ba. Muna zaune a rana, babu wanda ya fito ya ce ga abin da ake yi, ga lokacin da za a gama. Uwar yaron har ta rasu ba ta san abin da aka rubuta a takardar ba. Da mutum ɗaya ya tsaya ya yi mana bayani da Hausa kamar yadda Majo ya yi yanzu, da babu wanda zai ce feɗewa ake yi. Mutanenmu ba ƙin gaskiya suke yi ba, tsoron abin da ba a gaya musu ba suke yi.

Kai ne uban gidansa, kai ya kamata ka shiga ka yi magana da likitan cikin ladabi, ka fito ka gaya wa mahaifinsa. Ka sa a kawo wa tsohon nan fura ko ruwa, ka zaunar da shi a inuwa. Kuma ku shirya likkafani da masu wanka da masu haƙa tun yanzu, don da an sake shi kada a ƙara wani jira.

Mai Walda Garin Malam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba maganar Malam Almajirin Birni da ta Majo, ya yi shiru, sannan ya ce a yi abin da ya dace. Allah gafarta Malam, mai kabu-kabun da ya ɗauko shi ya ce ya ji ya ambaci laƙabin ɗaya daga cikinsu sau biyu. Tambaya ta ƙarshe: rigar da ke jikinsa an cire ta a hanya an danne raunin da ita, yanzu tana cikin leda a shagona. Matata ta ce a wanke a ba mahaifiyarsa. Ya zan yi da ita?

Majo Mai Ritaya ya amsa:

Kada ruwa ya taɓa ta. Ka fitar da ita daga leda yanzu, don jini mai danshi cikin leda a wannan zafi ruɓewa yake yi ya lalace cikin ɗan lokaci. Ka sa safar hannu ko ka rufe hannunka da leda mai tsabta, ka shanya ta a inuwa inda ba mai taɓawa, in ta bushe ka naɗe ta cikin takarda mai tsabta. Hudar da ke jikin riga ana gwada ta da raunin da ke jiki: in ba su zo daidai ba, yana nuna hannunsa a ɗage yake ko jikinsa a murɗe lokacin da aka soke shi. Yawan hudar ma abin ƙirgawa ne, don wani lokaci wuƙa takan yanki riga ba ta kai fata ba. Kuma ba lalle jininsa kaɗai ke jikinta ba.

Tunda matasa da yawa suna karanta wannan, ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. In wuƙa tana maƙale a jiki kada a zare ta, a tallafe ta da tsumma a tafi da mutum haka. In an riga an zare, a danne raunin da ƙarfi da kyalle mai tsabta, kada a zuba ƙasa ko toka ko garin magani, kada a ba shi ruwa ya sha. A kira lambar 18 ta ƴan kwana-kwana ko 17 ta ƴan sanda, ko a nufi asibiti nan take ko da mutum yana cewa lafiyarsa ƙalau. Wanda ya danne raunin yaron nan da riga abin da ya dace ya yi.

Tsohon Jandarma ya amsa:

Rigar nan ka kai ta da kanka ga jami'in da ke riƙe da binciken yau ɗin nan, ka gaya masa wa ya cire ta, wa ya taɓa ta, a ina ta kwana, ka tabbata an rubuta an sa mata hatimi a gabanka. Ka tafi da mai kabu-kabun ya ba da bayaninsa da kalmomin da ya ji, ba ƙari ba ragi, kuma kada ku yaɗa laƙabin nan a unguwa, don kada matasa su ɗauki doka a hannu ko shaidu su firgita. Bayan an yi sadakar uku, mahaifinsa ya je kotu ya shigar da kansa cikin ƙarar a matsayin mai neman haƙƙi. Ta wannan hanya, in ya samu lauya, za a iya duba masa takardun shari'ar har da rahoton likita, a karanta masa abin da aka rubuta game da ɗansa.